Yaushin Tumatir: Yadda Bakteriya Masu Amfani Ke Tsare Saiwa

Dubi wannan tumatir. Ganye kore shar, ƙasa da danshinta, amma rana na takewa sai ya langaɓe. Da farko yakan farfaɗo da daddare, bayan 'yan kwanaki kuwa ba ya sake miƙewa.

Kafin ka sayi magani, yanko karan daga gindi ka tsoma bakinsa a kofin gilashi mai ruwa garai. In cikin 'yan mintuna ka ga wani farin abu kamar madara yana gangarowa zare-zare, to Ralstonia solanacearum ce, wata bakteriya (ƙwayar halitta da ido ba ya gani) da masanin Amurka Erwin Smith ya bayyana tun 1896. A ƙasa take zaune, ta rauni a saiwa take shiga, ta hayayyafa har ta toshe hanyoyin da ruwa ke bi ya hau ganye. Shi ya sa fesa wa ganye magani asarar kuɗi ce kawai.

To, ina mafita? A cika saiwar da bakteriya masu amfani tun mai cutar ba ta iso ba. Pseudomonas fluorescens tana wawure sinadarin ƙarfen da ke kewaye da saiwa ta bar abokiyar gaba da yunwa. Bacillus subtilis kuma tana lulluɓe saiwar, tana fitar da sinadarai masu yaƙar ƙwayoyin cuta irin su surfactin da iturin, har ma ta zaburar da garkuwar jikin shukar. Ga ta da juriyar zafi da bushewa, don haka ta fi daɗewa a ajiye. Dukansu biyu suna taimakawa kan yaushin Fusarium ma, wanda shi fangas (dangin funfuna) ne ke kawo shi, ganye ya fara rawaya daga ƙasa.

Lokacin sawa shi ne komai. A cuɗa iri da su, a shayar da su a wurin rainon iri, ranar dashe kuma a jiƙa saiwar a ruwansu kafin a binne. Halittu ne masu rai fa, kada ka haɗa su da maganin feshi mai tagulla, kada ka yar da buhunsu a rana.

Kar wani ya ce maka suna warkar da shukar da ta riga ta kamu. Wannan tuge ta za ka yi da ƙasar gindinta, ka fitar daga gona. Kuma gonar da cutar ta yi katutu sai an hutar da ita da masara ko dawa, ban da gauta, barkono da dankalin turawa, domin su ma tana kama su.