Amsoshin Tambayoyinku: Addu'ar da babu roƙo a cikinta

Mai gabatarwa: Allah ya gafarta Malam, wasiƙar farko daga wata baiwar Allah ce a Maiduguri. Ta ce ambaliyar watan Satumba na 2024, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ta cinye mata gida da ɗan jarinta. Wani malami ya ba ta addu'ar yaye baƙin ciki, amma da aka fassara mata sai ta ji yabon Allah ne zalla, ba a roƙi komai ba. Tana tambaya, wanda ya rasa matsuguni, yabo zai yi ko roƙo?

Malam: Allah ya mayar miki da mafificin alheri, 'yar'uwa. Wanda ya ba ki addu'ar nan bai yi kuskure ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito ta daga Ibn Abbas, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan faɗe ta idan abu ya tsananta: "La ilaha illallahul Azimul Halim, la ilaha illallahu Rabbul Arshil Azim, la ilaha illallahu Rabbus samawati wa Rabbul ardi wa Rabbul Arshil Karim." Gaskiyarki ne, babu "ka ba ni" a ciki ko sau ɗaya.

To, ai mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Maroƙi in ya tsaya gaban sarki, ba ya cewa "ba ni riga". Kirari yake zubawa, sarki kuma ya san abin da ya kawo shi. Allah ya ɗaukaka ga barin misali, amma wanda ya ce "Kai ne Ubangijin Al'arshi" alhali ruwa ya tafi da ɗakinsa, ai ya riga ya faɗi wurin da ya gudo.

Dubi Annabi Yunusa a cikin kifi. Suratul Anbiya aya ta 87: ya kaɗaita Allah, ya tsarkake shi, ya amsa laifinsa. Bai ce "fitar da ni" ba, amma aya ta gaba ta ce an amsa masa, an tserar da shi daga baƙin ciki. A Suratus Saffat ma cewa aka yi ba don yana cikin masu tasbihi ba, da ya zauna a cikin kifin nan har ranar tashin ƙiyama.

Sai dai kada ki ɗauka an hana ki roƙo. Wasu malamai sun ce da yabon ake buɗewa, sannan mutum ya kawo buƙatarsa, kuma ni nan na fi karkata. Ki roƙi gida, ki roƙi jari, da Hausarki ko Barbarcinki, duk yana ji. In hawaye ya zo ki bar shi ya zuba. Annabi Yaƙuba ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah kaɗai yake kai ƙarar baƙin cikinsa.

Mai gabatarwa: Sai wani ɗan'uwa daga Maraɗi. Ya ce tunda yana karanta "Hasbunallahu wa ni'imal wakil", wato Allah ya ishe mu, madalla da abin dogaro, ko barin ƙauyen da 'yan bindiga suka addaba raunin imani ne?

Malam: A'a, malam, kwashe iyalinka. Sahabban da suka faɗi kalmar nan bayan yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, ba a zaune suka faɗe ta ba. Da raunukansu suka fita bin sawun abokan gaba zuwa Hamra'ul Asad, wani wuri kusa da Madina. Shi kansa Annabi, lokacin hijira, kwana uku ya ɓuya a kogon Sauru, ya kuma ɗauki ɗan jagora da ya san hanya. Ka karanta ta kana ɗaure kaya.

Mai gabatarwa: Mun gode, Allah ya gafarta Malam. Lokaci ya ƙure mana, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.