Jaruman roba na da, da yadda za su jure zafin Gusau

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa.

Ku dubi wannan da ke tafin hannuna. Tsawonsa bai kai santimita 10 ba. A cikin tulin kayan wasan yara na gwanjo na tsinto shi, nan cikin Gusau, yana kwance tsakanin wata mota mai ƙafa uku da 'yar tsanar da ba ta da kai. Mai kayan ko kallonsa bai yi ba ya faɗa mini kuɗi. Sai da na zo gida na juya bayan ƙafarsa, na haska tocila, sannan na ga ɗan rubutun da ke jikin robar: 1977, Hong Kong. Wato ya haura shekara 40 a duniya. Ya yi zama a ƙasar sanyi, ya shiga dila, ya hau jirgin ruwa, ya sha hanya a bayan tirela, bai karye ba. Amma in na yi sakaci, bazara biyu a ɗakin kwano sun isa su yi masa abin da duk waɗannan shekarun ba su yi ba. Maganar da za mu yi yau ke nan.

Da farko, su wane ne waɗannan? A 1964 kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da wani soja na roba mai suna G.I. Joe, tsawonsa inci 12, kusan santimita 30, gaɓoɓinsa na lanƙwasuwa. Kamfanin ya ƙi yarda a kira shi 'yar tsana, don ya san yara maza ba za su taɓa ba, sai ya ƙirƙiro masa suna na dabam. Ni dai jaruman roba nake ce musu. A 1978 kamfanin Kenner ya sako ƙananan jaruman fim ɗin Star Wars, irin wannan nawa, kuma shekarar da kuka gani a ƙafarsa ta rajistar zanen ce, ba lallai ta zama ranar da aka zuba robar ba. A 1982 kamfanin Mattel ya kawo He-Man, a shekarar kuma G.I. Joe ya dawo a ɗan ƙarami. Transformers, waɗanda ake juya gaɓoɓinsu su rikiɗe su zama mota ko jirgi, suka biyo baya a 1984, asalinsu daga kamfanin Takara na Japan. Yaran da suka yi wasa da su yanzu sun yi furfura, sun sami abin hannu, suna neman ƙuruciyarsu da kuɗi. A 2024 an sayar da wani samfurin gwaji na jarumi Boba Fett na Star Wars, wanda ba a taɓa kai shi kanti ba, a kan sama da dala miliyan 1. Kada wannan ya ɗauke muku hankali. Akasarin na cikin gwanjo ba su kai ko kusa ba, wasu ma kwaikwayo ne. Amma wanda ya san abin da ke hannunsa ba ya bari ya lalace.

Mu da Hausa komai roba muke ce masa, bokiti roba, taya roba, danƙo roba. A jikin jarumi ɗaya kuwa akan sami iri uku, kuma kowanne da ciwonsa.

Na farko roba mai tauri, wadda masana ke kira ABS. Da ita ake yin ƙirji da baya. Ku ƙwanƙwasa da farce, za ku ji ƙas-ƙas. Ciwonta shi ne sauya launi. Rana da iska da zafi suna cinta a hankali, fari ya koma ruwan ƙwai, daga nan ya koma kamar haƙorin mai cin goro. Shi ya sa za ku ga farin soja ƙirjinsa ya yi ja amma wani sashen jikinsa bai sauya haka ba, don ba roba ɗaya ba ce.

Na biyu roba mai laushi, wato PVC, da ake yin kai da hannuwa da ƙafafu da ƙananan makamai. A nan zan ɗan tsaya, don ita ce ta fi wahalar da mu. Ita PVC asalinta tauri gare ta, irin bututun famfo. Don ta yi laushi sai a kwaɓa ta da wani sinadari mai maiƙo. To wannan maiƙon bai auri robar ba, zaman haya yake yi a cikinta, kuma kullum yana neman hanyar fita. Da shekaru suka ja sai ya tsattsafo, ka taɓa hannun jarumi ka ji yana danƙo kamar an shafa masa zuma, ƙura ta bi ta manne. Mutane da yawa suna ɗauka datti ne. Ba datti ba ne, jikin robar ne ke zubar da abin da ke riƙe da laushinta. Duk abin da ya fita kuma ba ya komawa, ƙarshenta robar ta bushe ta tsage. Abin da ke hanzarta wannan fita shi ne zafi. Masu ilimin haɗa sinadarai suna da wani ƙiyasi, cewa ƙarin digiri 10 na zafi yakan kusan ninka saurin irin wannan lalacewa. Yanzu ku tuna watan Maris da Afrilu a Gusau, lokacin da ma'auni ke wuce 40 a waje, ku kuma tuna ɗakin da ba shi da silin da misalin ƙarfe 3 na rana.

Wannan maiƙon yana da wata ɓarna kuma. In roba mai laushi ta daɗe manne da wata roba mai tauri, ko kuma da farin soson nan da ake tallafe talabijin da shi a kwali, sai ta narka shi, ya bar tabo a jikinta. Na taɓa buɗe wani akwati na tarar da ƙafar jarumi ta nutse a jikin kujerar motarsa kamar an ɗora wuƙa mai zafi. Ba wuta ba ce, zama tare ne kawai na tsawon lokaci.

Na uku shi ne danƙo na gaske, mai talewa. Ƙananan G.I. Joe na 1982 zuwa sama suna da wani zoben danƙo a ciki, shi ke haɗa ƙirji da ƙugu, an maƙala shi a wata 'yar ƙugiya ta ƙarfe. He-Man ma danƙo ne ke riƙe da ƙafafunsa biyu. Danƙo kuwa kun san halinsa, kamar robar ɗaure kuɗi da aka manta a aljihun tebur: ya bushe, ya tsinke. Sai ka ga soja ya rabu biyu. Kada ku zubar, kuma don Allah kada ku sa gam. A bayan G.I. Joe akwai noti guda ɗaya. A kwance shi a hankali da ƙaramin sukundireba, a buɗe ƙirjin, a ɗauki tsohon zoben a je shagon masu kayan famfo ko masu kayan gyaran inji a nemi daidai shi. Kada ya fi shi matsewa, don matsi kan fasa ƙugun. Wannan gyara masu tarawa sun yarda da shi a ko'ina.

Sai wanki, inda aka fi yin asara. Mutum ya sami abu ya yi murna, yana so ya gan shi yana ƙyalli a ranar. Ruwa mai ɗumi kaɗan, ɗigon sabulun ruwa na wanke kwanuka, tsohon buroshin haƙori mai laushi, shi ke nan. A goga a hankali, a ɗauraye, a shanya a inuwa a kan tsumma mai tsabta har ya bushe sarai, musamman mai noti, don kada ya yi tsatsa daga ciki. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da tina, ban da ruwan goge jan farce. Shi wannan na ƙarshe yana narkar da roba mai tauri nan take, yana kwashe fenti. Idon jarumi ɗigo biyu ne na fenti, in suka tafi fuskar ta tafi. Mai ƙyallin zinariya ko azurfa kamar madubi kada a goga shi sam, don wani siririn rufi ne aka fesa a kai, yatsa ma yana cinye shi. Mai sitika kada ya shiga ruwa, auduga mai ɗan laima ta isa.

Wasu za su ce sun ga ana mayar da wanda ya yi ja fari fat da ruwan haidirojin na wanke ciwo, a sa a rana. Gaskiya ne yana yi. Amma jan yakan dawo, kuma launukan da ke kusa sukan koɗe. Ni ra'ayina a bar shi da launin shekarunsa. Abin da na yarda da shi shi ne gyaran takobi ko ƙafar da ta lanƙwashe: a tsoma a ruwan zafi na ɗan lokaci, ba tafasasshe ba, a miƙar da yatsa, a tsoma a ruwan sanyi. Haka ma in gaɓa ta ƙage, a ɗumama ta tukuna, kada a murɗa da ƙarfi. Akwai wasu Transformers na wajen 1989 zuwa farkon shekarun 1990 da aka yi da roba mai ruwan gwal, wadda ke ruguzowa kamar ƙuli-ƙuli in an matsa. Irin waɗannan ko juya su ba a yi.

In yana aiki da batir, buɗe murfin yau, ba gobe ba. Tsohon batir yana zubar da wani farin gari mai cin ƙarfe. A cire shi, a goge wurin da auduga da ɗan ruwan kal, a bari ya bushe, a ajiye babu batir a ciki.

To ina za a ajiye su? Ba a taga ba, ba a kan talabijin ba, ba a saman sif kusa da kwano ba, kuma ba a cikin mota ba ko na awa ɗaya, don motar da aka rufe a rana cikinta kan wuce digiri 60. A nemi ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gidan, a nisanci bangon da rana ke duka da yamma. Wanda yake da tsohon ɗakin ƙasa a gidansu ya fi mai falon siminti da kwano sa'a, domin katangar ƙasa tana hana zafi shiga. Sai dai a ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara da laima. Gara ba ta cin roba, amma tana cin kwali, kuma jarumin da har yanzu yake cikin kwalinsa na asali ba a buɗe ba ya ninka na waje daraja nesa ba kusa ba. In Allah ya ba ka irin wannan, kada ka buɗe.

Akwai wani ɗan ruɗani da yanayinmu ke jawowa. Hunturu na so ka rufe komai saboda ƙura, ita kuma roba mai laushi in aka toshe ta ba iska, maiƙon nan taruwa yake yi a jikinta. Ga yadda nake yi. Kowane jarumi da 'yar ledarsa mai zif, na ɗan yanke kusurwa ɗaya don ta yi numfashi. Makamansa a wata leda dabam da sunansa a jiki, domin ƙaramar bindigar nan da ba ta kai ƙwayar gyaɗa biyu ba wani lokaci ta fi wuyar samu a kan shi jarumin. Duka a cikin akwati mai murfi, ba a danne su ba. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ina jefa 'yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Duk bayan wata biyu ko uku ina buɗewa in duba, in taɓa, in shinshina. Wanda ya fara danƙo in wanke shi, in ware shi daga sauran.

Na san cikin masu kallo akwai waɗanda ba sa jera mutum-mutumi a fili a ɗakinsu saboda addini, kuma wannan magana ce tsakanin mutum da malaminsa. Abin da zan ce kawai, ajiya a akwati cikin duhu ita ce ma ta fi yi wa robar kyau.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi duk na baya nauyi a wurina. Waɗannan na manya ne, ba na yara ba ne yanzu. Gwaje-gwajen da aka yi a kan tsofaffin kayan wasa na shekarun 1970 da 1980 sun nuna cewa a jikin wasunsu akwai dalma da wasu ƙarafa masu guba, a cikin fenti ko a cikin launin robar. Mu a Zamfara ba sai an yi mana bayanin dalma ba. Mun ga abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ɗaruruwan yara suka rasu sanadiyyar ƙurar duwatsun zinariya. Allah ya jiƙansu. Na jikin kayan wasa bai kai wancan yawa ba ko kaɗan, amma yaro ƙarami komai baki yake kai wa, kuma tsohuwar roba tana ɓarewa. Don haka akwatin nan ya zauna inda hannun yaro ba ya kai wa. Buroshin da aka wanke su da shi kada ya koma banɗaki, kwanon da aka jiƙa su kada ya koma kicin, kai ma ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci.

Shi wannan na hannuna, kun ga hannunsa na hagu ya fara ɗan danƙo. Bari in kawo ruwan ɗumin, ku matso ku ga yadda ake riƙe buroshin kusa da fuska.