Hannun wa ikkilisiya ta koma bayan manzanni?

'Yan'uwa maza da mata, salama gare ku. Tambayar da aka ba ni yau ita ce: da manzanni suka ƙare, wa ya riƙe ikkilisiya?

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura ta 1. Masu bi wajen 120 suna tare a Urushalima, gurbin Yahuza Iskariyoti kuma babu kowa. Bitrus ya miƙe ya kafa sharaɗi: wanda zai cike gurbin sai ya kasance yana tare da su tun baftismar Yahaya har ranar da aka ɗauke Yesu zuwa sama. Aka tsayar da Yusufu Barsaba da Matiyas, aka yi addu'a, aka jefa ƙuri'a, ta faɗa kan Matiyas. Abin da aka nema shaidar ido ce. To, wannan sharaɗi yana da ranar ƙarewa, domin duk wanda ya ga Yesu da idonsa wata rana zai bar duniya.

Haka kuwa aka yi. Sarki Hiridus ya sa aka sare Yakubu ɗan Zabadi da takobi, kuma babu inda aka rubuta cewa an zaɓi wani a madadinsa. Yakubu ɗan'uwan Ubangiji, wanda ya jagoranci masu bi a Urushalima, an jajjefe shi wajen shekara ta 62. Bitrus da Bulus an kashe su a Roma zamanin Sarki Nero. A shekara ta 70 sojojin Roma suka rushe Haikali.

Amma kafin nan manzanni ba su zauna haka kawai ba. Bulus da Barnaba sun naɗa dattawa a kowace ikkilisiya da suka kafa, Bulus kuma ya bar Titus a tsibirin Karita ya yi haka gari gari. Ku lura, dattawa ne da yawa a gari ɗaya suke kiwon garken tare.

Sai rigima ta tashi a Koranti wajen shekara ta 96, wasu suka tsige dattawansu ba tare da laifi ba. Ikkilisiyar Roma ta aika musu da wasiƙa, wadda ake dangantawa da Kilemen, ɗaya daga cikin shugabanninta, tana tuna musu cewa manzanni ne suka naɗa shugabanni, suka kuma bar umarni in waɗannan sun mutu amintattu su gaje su. Ba a jima ba, wajen shekara ta 110, Ignatiyus, bishop na Antakiya, yana ɗaure ana tafiya da shi Roma a jefa wa namun daji, yana rubuta wasiƙu a hanya. A wurinsa ne muka fara ganin tsarin a fili: bishop ɗaya, dattawa kewaye da shi, sannan dikinoni. Mutumin da ya san mutuwa yake fuskanta, abin da ya dame shi shi ne kada garken ya tarwatse.

Inda nake so ku tsaya da ni shi ne wurin Ireniyus, bishop na Liyon a Faransa ta yau. A zamaninsa, wajen shekara ta 180, an sami malamai masu cewa Yesu ya bar wani ilimi na ɓoye da su kaɗai suka gada. Ireniyus ya ce, to, in da akwai wannan sirri, ai waɗanda manzanni suka damƙa wa ikkilisiyoyi za su fara faɗa wa. Sai ya jero sunayen bishop-bishop na Roma, daga Linus, Anakiletus, Kilemen, har zuwa Elutiriyus, wanda shi ne na 12 a jerin. Kamar dai yadda ɗalibi a ƙasarmu yake lissafa malamansa domin a san inda karatunsa ya fito. Shi kansa Ireniyus yana yaro ya saurari Polikap, bishop na Simirna, har ya ce yana iya nuna wurin da tsohon yake zama in yana ba da labarin zamansa da manzo Yahaya. Daga Yahaya zuwa Polikap zuwa Ireniyus, baki uku ke nan, sun haɗa kusan shekara 150.

A nan ne ɗarikunmu suka rabu. Katolika, Otodoks da Angilika suna riƙe da cewa ɗora hannu daga bishop zuwa bishop bai yanke ba tun daga manzanni. Sauran, irin su ECWA da Baptis, suna cewa gadon manzanni shi ne koyarwarsu da ke cikin Littafi Mai Tsarki. Ni a ganina, wanda ya karanta Ireniyus da kyau zai ga bai raba biyun ba: ya kawo sunayen ne domin ya tabbatar da cewa koyarwar a bainar jama'a aka miƙa ta, kowa yana ji.

Yadda bishop na Roma ya zo ya sha gaban na Antakiya da na Iskandariya kuwa, wannan sai zama na gaba, in Allah ya kai mu.