Gasar Badujala a Amurka: Inda Makin Alƙalai da Tafin 'Yan Kallo Suke Raba Hanya

Masu kallo, assalamu alaikum. A cikin watan Agustan kowace shekara, dubban mutane kan hallara a filin wasa na Lucas Oil da ke birnin Indianapolis, a jihar Indiyana ta Amurka, domin kallon ƙungiyoyin badujala 12 da suka kai zagayen ƙarshe na gasar Drum Corps International, wadda aka fi sani da DCI. Kowace ƙungiya tana da kimanin minti goma sha ɗaya zuwa sha biyu ta nuna abin da ta shafe kusan shekara guda tana shiryawa. Idan an gama, sai a sanar da maki, kuma sau da yawa ƙungiyar da ta tashi jama'a tsaye daban, wadda ta ɗauki kofi daban. Shirinmu na yau zai bi diddigin wannan saɓani, tun daga yadda ake tsara wasan har zuwa abin da ake kira wahala a cikinsa.

Wanda ya taɓa kallon faretin sojoji ya riga ya san tushen abin, domin daga can ya samo asali. Bayan yaƙin duniya na ɗaya, ƙungiyoyin tsofaffin sojojin Amurka, da majami'u, da 'yan sikawut sun riƙa kafa wa matasa ƙungiyoyin ganga da begila, kuma tsofaffin sojojin ne suke shirya gasa da dokokinsu na bariki. Da shugabannin ƙungiyoyin suka gaji da waɗannan dokoki, sai suka kafa DCI, aka yi gasar farko a 1972 a garin Whitewater na jihar Wisconsin. A yau ƙungiya guda kan ɗauki matasa har 165, kuma da zarar mutum ya wuce shekara 21 zuwa 22, to ya yi sallama da fili. An raba su uku: masu busa kayan tagulla, da makaɗa, da 'yan tuta waɗanda ke rawa suna cilla tutoci da bindigogin katako da takubba sama suna cafewa. Suna shafe bazara a cikin motocin safa daga wannan jiha zuwa waccan, suna kwana a ƙasa a ɗakunan motsa jiki na makarantu, suna atisaye daga safe har dare.

Makin gasar 100 ne. Kashi 30 na kiɗa ne, kashi 30 na abin da ido ke gani, sauran 40 kuma na tasirin wasan gaba ɗaya. Abin da mai kallo ya kamata ya riƙe shi ne, kowane alƙali tambaya biyu yake yi a ɓangarensa: mene ne aka ɗora wa yaran su yi, kuma yaya suka yi shi. Tambaya ta biyu ta yaran ce. Ta farko kuwa ta manya ce, wato mutanen da suka zauna tun lokacin sanyi suka zaɓi kiɗan, suka rubuta wa kowane sashe abin da zai busa ko ya kaɗa, suka zana a kwamfuta inda kowane mutum zai tsaya a kowane taku. Saboda haka ƙungiya tana iya shiga kakar wasa da tsarin da ba zai taɓa kai ta saman teburi ba, ko da yaranta za su yi atisaye har ƙafafunsu su kumbura.

A da ba haka abin yake ba. Har zuwa farkon shekarun 1980, alƙalai kuskure suke ƙirgawa: a ba ka cikakken maki, duk inda aka ga sahu ya karkace ko wani ya riga 'yan'uwansa bugu, a rage. Irin wannan lissafi yana koya wa mai tsara wasa tsoro, domin wanda ya rubuta abu mai sauƙi ya fi tsira da makinsa. A 1984 aka yi watsi da shi, aka koma ba da lada a kan abin da aka cim ma. A daidai wannan lokaci ne George Zingali, mai zana wa ƙungiyar Garfield Cadets motsin fili, ya daina raba fili gida biyu masu kama da juna, ya sa sahu yana lanƙwasa yana malala da sauri, ƙungiyar kuma ta ci kofi sau uku a jere, daga 1983 zuwa 1985. Daga nan ne fareti ya fara rikiɗa ya zama wasan dandali.

Yanzu bari mu tsaya a kan wahalar kanta, domin a nan ne mai kallo daga nesa ya fi ruɗuwa. Taku na asali a wannan wasa shi ne taku takwas a cikin yadi biyar, amma masu zane kan buƙaci taku shida, ko biyar, ko ma huɗu a wannan tazara, a kiɗan da kan kai bugu 180 ko fiye a minti guda. Ku dubi mai busa a wannan hali. Ƙafafunsa gudu suke yi, amma daga ƙugu zuwa sama dole ya zama kamar a tsaye yake, domin duk girgizar da ta hau jikinsa za ta isa leɓensa, daga leɓe kuma ta fito a sauti. Dole bakin kayan busarsa ya fuskanci 'yan kallo ko da tafiyar gefe yake yi, saboda haka sai ya murɗa ƙirji ya bar ƙafa tana bin hanyarta. Idan baya zai koma, a kan yatsun ƙafa zai tafi, ba ya ganin inda ya nufa, alhali wani ɗan'uwansa yana ratsowa ta wurin da ya bari taku ɗaya da ya wuce. Numfashin da mai gudu yake haki da shi, shi ne wannan yaro yake aunawa yana zubawa a cikin ƙarfe a hankali. Makaɗi kuma yana rataye da ganguna a ƙirji, waɗanda wasunsu kan kai kilo 15, kuma tun da gangar ba ta juyuwa, sai ya riƙa harɗe ƙafa yana tafiya a kaikaice.

Akwai wata wahalar da ido ba ya gani sam. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda. Idan aka baza ƙungiya a faɗin fili, mai busa da ke can baya yana iya yin nisan mita 50 da na gaba, kuma wannan jinkiri na kusan kashi ɗaya cikin bakwai na daƙiƙa ya isa ya dagula kiɗa mai sauri. Don haka na baya ba ya bin kunnensa, hannun madugu da ke tsaye a kan dandamali yake kallo, ya busa a kan abin da ya gani ko da kunnensa yana ce masa ya yi gaggawa. Na gaba kuma an hana shi bin hannun, sai dai ya jira sautin da ke tahowa daga bayansa ya hau kai. Ta haka ne kawai sautin zai isa kujerun 'yan kallo a dunƙule. Mai tsara wasa da ya watsa masu busa daga wannan kusurwa zuwa waccan a tsakiyar kiɗa mai sarƙaƙiya ya ɗora musu nauyi babba, alƙali ya san da haka, amma mai kallo na iya ganin mutane ne kawai a tsaye.

Sai dai magoya baya su ma suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Ƙorafin da tsofaffin 'yan kallo suka fi yi shi ne, masu tsara wasan zamani sun iya ɓoye rauni. Idan wuri mai wahalar busa ya zo, sai a tsayar da masu busa cak, ko a ware ƙwararru kaɗan a ba su makirfo. Idan lokacin gudu da rawa ya yi, sai a sauke kayan busa a bar masu kiɗan gaban fili, wato makaɗan da ke tsaye wuri guda ba sa fareti, su cike gurbin. Dokoki ne suka buɗe wannan ƙofa sannu a hankali. A 2000 aka bar ƙungiyoyi su ajiye begilar gargajiya su ɗauki kayan busa irin na sauran makaɗa, a 2004 aka halatta lasifika, a 2009 kuma aka shigo da kayan kiɗa na lantarki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya jawo ce-ce-ku-ce, har wasu suka ce abin ya tashi daga badujala. A ganina, zargin raba busa da gudu yana da ƙamshin gaskiya a wasu wasannin, kuma duk wanda ya ƙirga daƙiƙun da ƙungiya ta yi tana busa a cikin tafiya zai ga bambanci tsakanin wannan ƙungiya da waccan. Amma cewa yaran da sun fi na yanzu shan wuya magana ce da faifan bidiyo ba ya goyon bayanta, domin abin da ake nema a jikin mai busa a yau, na durƙuso da juyi da tsalle, babu wanda ya nema a shekarun 1970.

Babu labarin da ya fi fito da wannan saɓani kamar na Star of Indiana a 1993. Ƙungiyar, wadda attajiri Bill Cook ya kafa a garin Bloomington, ta riga ta ci kofi a 1991. A 1993 sai ta zo da kiɗan Samuel Barber da Béla Bartók, kiɗa mai kaifi wanda babu wani amshi a cikinsa da mutum zai tafi gida yana rerawa. Akwai wuraren da sautin ke yin ƙasa har ya kusa ɓacewa, masu busa suna lanƙwasa jiki kamar 'yan rawa, sannan a ƙarshe komai ya ɓarke da gudu da fushi. Jama'a da yawa ba su karɓe shi ba, har an yi musu ihun ƙi a filaye. A zagayen ƙarshe, a birnin Jackson na jihar Mississippi, Cadets, wato Garfield Cadets ta da, ta samu 97.4, Star ta samu 97.3. Daga wannan shekara ƙungiyar ba ta sake shiga gasar ba, ta koma wasan dandali, wanda daga baya ya haifi wasan da ya ci lambar yabo ta Tony, wadda ake bai wa fitattun wasannin dandali a Amurka, a 2001. Abin lura shi ne, a yau wannan wasa na 1993 yana cikin waɗanda magoya baya suka fi ambata da girmamawa, kuma yawancin motsin jikin da aka yi wa ihu a lokacin ya zama abincin yau da kullum a kowace ƙungiya. Ra'ayin 'yan kallo ma yana da shekarunsa.

Akwai kuma daren da ɓangarorin biyu suka haɗu. A 2008 Phantom Regiment ta garin Rockford ta kawo labarin Spartacus, bawan da ya yi wa daular Rum tawaye, da kisa da ramuwar gayya a fili ƙarara, har jama'a suna amsa kirari daga kujerunsu. Ta taso daga baya a makon ƙarshe ta doke Blue Devils da 98.125 a kan 98.100. Ita kuwa Blue Devils ta garin Concord a Kalifoniya, wadda ta fi kowa yawan kofuna, kuma take riƙe da maki mafi yawa a tarihin gasar, wato 99.65 a 2014, ta daɗe tana shan suka cewa domin alƙalai take tsara wasanta. Ni ban ga laifi ga wanda ya karanta takardar alƙalai ya fahimce ta fiye da kowa ba. Idan akwai gyara, a takardar yake.

A 2016 Bluecoats ta garin Canton a jihar Ohayo ta ajiye hula da kakin soja, ta sa yaranta fararen kaya masu kama jiki, ta jera gangara-gangara a fili suna hawa suna sulmiyowa, ta jera lasifikoki, ta kuma ci kofinta na farko. Wannan karon matasan 'yan kallo sun yi na'am, kuma cikin shekaru kaɗan kusan kowace babbar ƙungiya ta koma ɗinka sababbin kaya a kowace kaka. Wannan ya nuna cewa idan ana maganar magoya baya, ba jama'a guda ake nufi ba. Akwai wanda ya yi fareti a zamanin begila, yana zuwa fili ne domin sautin tagulla ya daki ƙirjinsa, akwai kuma ɗan makarantar sakandare da ya fara ganin wasan a waya, wanda labari da launi da sabon salo suka fi jan hankalinsa. Kashi 40 na tasiri ya kamata ya auna abin da wasa ya yi wa mai kallo, amma alƙalin da ke ba da shi ƙwararre ne da ya ga wasan sau da yawa, yana lura da yadda aka saƙa wannan sashe da wancan, alhali wanda ya sayi tikiti sau ɗaya zai gani.

Sabon salon kuma yana da tsada. Kayan ado na fili suna buƙatar ƙarin manyan motoci, lasifika tana buƙatar injiniyan sauti, kaya sababbi kowace shekara suna buƙatar kuɗi, kuma yaran da kansu suke biyan dubban daloli kafin a ba su gurbi. Santa Clara Vanguard, wadda ta ci kofi a 2018, ta zauna a gida a kakar 2023 saboda matsalar kuɗi, sai a 2024 ta dawo. Dokokin da ke faɗaɗa ko taƙaita abin da mai tsara wasa zai iya yi kuwa, ƙungiyoyin ne da kansu suke kawo shawararsu, malamansu su tattauna, shugabanninsu su kaɗa ƙuri'a a taron da suke yi lokacin sanyi, kuma ɗan kallo ba shi da ƙuri'a a wannan zaure.