Me ya sa ƙwayoyin biyogaz ba sa tsirowa a faranti?

Jama'a sannunku. Tambaya guda ake ta turo mana daga nan Maradi tun da maganar ramin biyogaz, wato ramin da ake zuba kashin dabbobi ya ba da gaz, ta zagaya WhatsApp: wai an ɗebo kashin shanu an kai labo, an shafa a farantin renon ƙwayoyi, ƙwayoyin da ke yin iskar metan ba su tsiro ba, to ashe babu su kenan? Suna nan wallahi. Oksijin da ke cikin iska ne ya hana su.

Su fa ba bakteriya ba ne ma, arkiya ake ce musu, wani rukuni na ƙananan halittu, Carl Woese ne ya ware su daban a 1977, kuma ba sa zama sai inda oksijin bai kai ba, tumbin saniya, tumbin jar akuyarmu, taɓon ƙasan tabki.

To ku dubi yadda ma'aikaciyar labo ke renon su a kwalba. Ba ta buɗe kwalbar ba, kuma ba za ta buɗe ba. Murfin roba ne mai kauri an matse shi da ƙarfe, allurar sirinji kaɗai ke ratsawa, shi ma sirinjin sai da aka kore iskar cikinsa da nitrojin, ruwan abincin kuwa an tafasa shi oksijin ya fita sannan aka cika saman kwalbar da haidurojin da CO2, kashi 80 da kashi 20, abincin yawancinsu kenan. Kwalbar da ta koma ruwan hoda fa? Akwai resazurin a ciki, wani rini mai canza launi, yana nuna iska ta shiga, zubarwa za a yi. Masanin ƙwayoyi Robert Hungate ya kafa tushen wannan hanyar tun 1950. Ni dai a ganina nan ne aikin yake, ɗalibin da ya ɗauko samfur a buɗaɗɗen bokiti bisa kabu-kabu cikin rana ya riga ya rage lissafinsa tun bai iso ba don iska ta kashe wasu ƙwayoyin, abin tausayi, ga wahala ya sha.

Hanyoyin ƙirga su kuma da sauri. A sirka samfurin kashi 1 cikin 10, a sake, a sake, a jera kwalabe a jira makonni don ba su da saurin hayayyafa, a duba waɗanda suka ba da metan a ƙiyasta yawansu, wannan ƙiyasin shi ake kira MPN. A maikiroskop kuma in an haska musu haske mai nanomita 420 sai sinadarinsu F420 ya yi ƙyalli shuɗi-kore, kyau kamar me.

Masu hali qPCR suke yi, wato gwajin ƙirga DNA, su ƙirga ƙwayar gado mcrA ta yin metan, ba sai an rene su ba. Amma fa wannan har matattu yana iya ƙirgawa, don haka yawan mcrA kaɗai bai isa ka ce raminka yana aiki ba, sai ka auna gaz ɗin da ke fitowa.