Yadda ƙauyukan Maya a Beliz ke karɓar baƙi da kansu

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau kudancin Beliz za mu leƙa, wata 'yar ƙasa da ke maƙwabtaka da Meziko da Gwatemala, yankin da ake ce wa Toledo. Nan 'yan ƙabilar Maya suke, Mopan da Kekchi, manoman masara da koko, a ƙauyuka irin su San Antonio da Laguna da Blue Creek.

To yawancin masu zuwa yawon buɗe ido Beliz bakin teku suke nufa, kuɗin kuma otal-otal da kamfanoni ke kwashewa, ɗan ƙauye sai dai a ɗauke shi hoto a wuce. Shi ne fa a 1990 mutanen ƙauyukan suka haɗa kai suka kafa ƙungiya mai suna Toledo Ecotourism Association, suka gina masaukin baƙi da katako da rufin ganye irin nasu na gida.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne tsarin bi da bi, kamar dai adashi. Baƙo ya sauka Punta Gorda, babban garin yankin Toledo, sai a duba ƙauyen da layi ya zo kansa a tura shi can, in ya isa a masauki zai kwana amma abinci gida-gida zai bi, karin kumallo a wannan gida, na rana a wancan, na dare wani daban, kowace uwargida a biya ta nata. Kana zaune a kicin hayaƙi na tashi, tana mulmula ƙullun masara tana shimfiɗa shi kan faranti bisa murhu, ta miƙo maka da zafinsa haɗe da romon kaza. Mai rakiya zuwa daji ko kogon Blue Creek shi ma ɗan garin ne, ya san wace bishiya ce magani, wane tsuntsu ne ke kuka.

Wallahi dabara ce, don ba gida ɗaya ke cinye komai ba balle hassada ta shigo, kuma wanda ke samun na cefane daga daji ba zai yarda a sare shi ba.

Kuɗin ba wani mai yawa ba ne fa, noma dai shi ne babba. Kuma duk abin ya dogara ne da filayen noma da daji, shi ya sa suka daɗe suna shari'a da gwamnati kan masu yankan katako da masu neman man fetur, har a 2015 Kotun Karebiyan, wadda ita ce kotun ƙarshe ta ɗaukaka ƙara ga Beliz, ta tabbatar cewa Mayan Toledo na da haƙƙi kan filayen kakanninsu.