Ba santsi ne ke korar ruwan ba

Kun dai ga bidiyon nan da ke yawo: a fesa wa takalmi wani ruwa, a watsa masa taɓo, taɓon ya zame ya bar shi fes. Jama'a na ta cewa ai santsi aka sa masa. Ina! Kaushi aka sa masa, kuma a jikin ganye aka kwaikwayo dabarar.

Ga ganyen nan, lotus. Yana kama da bado, amma ba shi ba ne. Wilhelm Barthlott na jami'ar Bonn a Jamus da abokin aikinsa Christoph Neinhuis ne suka fito da bayanin yadda yake korar ruwa da datti a 1997. Mu kusanto da shi a madubin lantarki mai girmama ƙananan abubuwa. Ƙara. Ƙara dai. Sai ga ƙuraje birjik a fuskar ganyen. Tsayin kowanne maikiromita 10 zuwa 20 ne (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), silin gashi ma ya fi su kauri nesa ba kusa ba. A bisansu kuma ga wasu 'yan sandunan kaki cunkus, waɗanda sai da nanomita, wato kashi ɗaya cikin dubu na maikiromita, ake auna su. Kaushi hawa biyu ke nan.

To, a nan ake ɓata lissafi, sai a natsu. Ɗigon ruwa idan ya sauka, ba ya kaiwa ƙasa. A kan tsinin sandunan yake zama, iska kuwa ta maƙale a ƙarƙashinsa, kamar mai kwanciya a gadon ƙusoshi. Da yake abin da ya taɓa bai taka kara ya karya ba, sai ya dunƙule. Don sanin yadda ya dunƙule, ana auna kusurwar da gefen ɗigon ya yi da farfajiya. Abu sumul, ko da an shafe shi da sinadarin da ya fi kowanne ƙin ruwa, da ƙyar ya wuce digiri 120. Ganyen nan yana kai wajen 160. Ka ɗan karkata shi, ƙasa da digiri 10, ɗigon ya gangara yana kwashe ƙura.

Amma fa kaushi kaɗai ba ya yi. Shi ɗan zuga ne, halin da ya tarar yake ƙara wa ƙarfi. Ka karce gilashin da dama can yake son ruwa, sai ya ƙara jiƙewa. Robert Wenzel ya nuna haka tun 1936. Dole a haɗa biyun: siffa mai kaushi da sinadari mai ƙin ruwa.

Yadda ake yi kuwa, a gurguje. Ko dai a dama ƙwayoyin silika (sinadarin da ke cikin yashi) masu girman nanomita a cikin etanol, wato sifirit, a lulluɓe su da sinadarin silen mai ƙin ruwa, a fesa. Ko a yi zubi: a haɗa robar silikon ta PDMS, kashi 10 da kashi 1 na mai daskarar da ita, a cire kumfa, a zuba kan ganye, ta daskare, a ɓare, sannan a sake zubi a cikin wannan robar da ta ɗauki siffar ganyen. Matsalar zubi ita ce manyan ƙurajen sukan fito ras, ƙananan sandunan kuwa sau da yawa su ɓace, ga shi su ne ke riƙe iskar. Fentin bango na Lotusan, da ya shiga kasuwa a 1999, kan dabarar ganyen lotus aka gina shi.

Yanzu ku kalli abin da masu talla ba sa nunawa. Goge wurin da aka fesa da ɗan yatsa sau ɗaya, biyu, uku. Sandunan sun karye. Ga ruwan sabulu, ga mai: ba su da ƙarfin dunƙulewa irin na ruwa, sai su sulale cikin ramukan su kori iskar. Raɓa ma haka, don ita daga cikin ramukan take tsirowa. Ganye yana sake fitar da kakinsa, takalminka kuwa sai dai ka sake sayen gwangwanin feshi. A ganina a bango ko rufi abin ya fi amfani, inda ruwan sama ne kawai ke taɓawa. In za ka gwada wani feshi, goge wurin da tsumma tukuna, sannan ka ɗiga ruwa ka karkata.